AJIYA KO RANCE? DARASI DAGA MUTUWAR WANI BANKIN KARKARA

Gabatarwa

Karyewar banki ta sha bamban da karyewar sauran sana'o'i. Idan ɗan tireda ya karye, jarinsa ne ya tafi, sai ya rufe shago ya koma gona ko ya tafi cin rani, jama'a su yi masa jaje. Amma idan banki ya karye, mafi yawan abin da ya salwanta dukiyar waɗansu ce, waɗanda ba su ci ba, ba su sha ba, ba su kuma san ranar da aka fara ɓarnar ba. Lamarin ya fi tsanani idan bankin ƙarami ne kuma a karkara yake, inda mai ajiya da mai cin bashi da manaja da 'yan hukumar gudanarwa duk a sahu ɗaya suke salla, a kasuwa ɗaya suke neman abinci.

Wannan musiba ba baƙuwa ba ce a Nijeriya. A watan Satumba na 2010 Babban Bankin Nijeriya ya ba da sanarwar soke lasisin ƙananan bankuna 224 a lokaci guda. A 2018 ya soke na 154, sannan a watan Mayu na 2023 ya soke na 179. Irin waɗannan alƙaluma kan fito a jarida a karanta a wuce, alhali a bayan kowane ɗaya akwai gari guda da mutanensa. Ɗaya daga cikin bankunan da guguwar 2010 ta tafi da su na garinmu ne. Zan sakaya sunansa da sunan garin, domin da yawa daga waɗanda abin ya shafa suna raye, 'ya'yansu kuma suna auren juna. Fagena nazarin harshe ne, saboda haka ta ƙofar kalmomi zan shiga wannan batu, domin abin da na gani ya tabbatar mini cewa kafin kuɗin su salwanta, ma'anar kalmomi biyu ce ta fara salwanta, wato ajiya da rance.

Asalin Bankunan Al'umma

Tun a 1977 Babban Bankin Nijeriya ya ɓullo da shirin da ya wajabta wa manyan bankunan kasuwanci buɗe rassa a karkara. Rassan sun samu, amma talaka bai sake da su ba. Takardunsu na Turanci ne, sharuɗɗansu na birni ne, kuma akasarin kuɗin da suka tara daga ƙauyuka a birane ake ba da rancensu. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta zo da tsarin bankunan al'umma a 1990. An buɗe na farko, mai suna Alheri, a Tudun Wada ta Kaduna a watan Disamba na wannan shekara. Farfesa Akin Mabogunje ne ya jagoranci hukumar da ke kula da su a farkon al'amari, kuma Doka ta 46 ta 1992 ita ce ta ba tsarin gindin zama. Kafin tsakiyar shekarun 1990 yawansu ya haura dubu ɗaya.

Hikimar tsarin a fili take. Mutanen gari su ne za su tara jari ta hanyar ƙungiyar ci gaban garinsu da sauran ƙungiyoyi da ɗaiɗaikun mutane, su ne za su zaɓi masu gudanarwa, kuma a maimakon takardar mallakar gida, mutuncin mutum da shaidar da jama'a suka yi masa su ne za su tsaya masa jingina. A taƙaice, an so a ɗauki ruhin adashi a sanya masa rigar banki.

Haka aka kafa namu a farkon shekarun 1990, lokacin ina ƙaramin malamin firamare. An yi shela a masallacin Juma'a da kasuwa, 'yan gari mazauna birni suka zo da gudummawarsu, fatake da mahauta da dillalan hatsi suka sayi hannun jari, ni ma na sayi gwargwadon albashina. Aka gyara wani tsohon ɗakin ajiyar gyaɗa da ke bakin kasuwa, aka sa masa ƙofar ƙarfe da kanta. Shekaru da dama bankin ya yi aiki na gaske. Malaman makaranta sun daina tafiyar yini guda don karɓar albashi, 'yan kasuwar shanu sun huta da kwana da kuɗi a ƙarƙashin matashi, matan aure masu ƙuli-ƙuli da man gyaɗa kuwa suna aiko yara da ɗan abin da suka samu. Kowa bankinmu yake ce masa, kuma da alfahari ake faɗa.

Aro, Rance da Ajiya

Hausa harshe ne da ya tantance ma'amalar dukiya da kyau. Idan Bahaushe ya ce aro, yana nufin ka karɓi abu ka yi amfani da shi ka mayar da shi shi kansa, kamar fartanya ko tsani ko jaki. Idan ya ce rance, yana nufin ka karɓi abin da zai ƙare a hannunka, kamar kuɗi ko tiyar gero, ka mayar da kwatankwacinsa. Shi ya sa ake aron keke amma ake rancen kuɗi. Ajiya kuwa ta fita daban da su duka biyu, domin wanda aka ba ajiya ba shi da izinin taɓa ta ko kaɗan. Tsaro kawai aka ɗora masa, abin kuma yana nan mallakar mai shi. Da wannan ma'ana ce ajiya ta zama 'yar'uwar amana. Malaman zaure ma sun san wannan bambanci, domin littattafan fiƙihun Malikiyya irin su Risala ta Ibn Abi Zaid sun ware hukuncin aro daban, na ajiya daban, na bashi daban.

To, da banki ya zo ƙasar Hausa, sai aka ɗauki kalmar ajiya aka laƙaba wa kuɗin da mutum ke kai masa, aka kuma kira lissafin mutum a banki asusu. Asusu kuwa, kamar yadda kowane yaro ya sani, ɗan tulun yumɓu ne mai tsaga, abin da ka jefa a ciki yana nan har ranar da ka fasa shi. Da waɗannan kalmomi biyu aka zana wa talaka hoton cewa kuɗinsa suna can a cikin akwatin ƙarfe suna jiransa.

Doka ba haka take kallon lamarin ba. Tun a 1848, a shari'ar Foley da Hill, kotun ƙoli ta Ingila ta yanke cewa kuɗin da aka kai banki sun zama na banki, yana da ikon juya su yadda ya ga dama, abin da ke kansa kawai shi ne ya biya kwatankwacinsu idan mai su ya nema. Dokar bankunan Nijeriya a kan wannan ginshiƙi ta ginu. Ma'ana, abin da muke kira ajiya, a Hausar gaskiya rance ne muka ba banki, mu kuma masu binsa bashi ne. Banki kan riƙe wani kaso kaɗan don masu zuwa cira, ragowar ya ba da su rance ga waɗansu. Saboda haka babu bankin da zai iya biyan dukkan masu ajiyarsa a rana ɗaya, komai lafiyarsa.

A ɗaya ɓangaren kuma an sami irin wannan karkatar ma'ana. Tun da bankinmu ne, kuma an ji cewa gwamnati ta sa hannu wajen kafa shi, sai waɗansu suka ɗauki rancensa a matsayin rabo. Mutumin da ba zai iya barci ba idan maƙwabcinsa na binsa buhun masara, shi ne zai karɓi kuɗin banki ya yi shekaru bai waiwaye su ba, yana ganin babu wani mutum takamaimai da ya zalunta. Ga inda matsalar take: mai kai kuɗi ya ɗauka amana ya bayar, mai karɓa ya ɗauka kyauta ya samu, alhali a wurin doka duka biyun bashi ne, kuma ba a iya biyan na farko sai an biya na biyu.

Tsagewar Bango

Ƙaramin bankin karkara yana da rauni na asali ko da masu tafiyar da shi salihai ne. Abokan hulɗarsa kusan duk sana'a ɗaya suke yi. Da kaka kowa na kawo kuɗi, da faɗuwar damina kowa na cira don sayen taki da biyan 'yan ƙwadago. Idan ruwa ya ɗauke da wuri ko farashin hatsi ya faɗi, masu bashi gaba ɗaya ne za su kasa biya a lokaci guda. Babban banki mai rassa a jihohi da yawa kan cike giɓin wani reshe da ribar wani, amma banki mai ƙofa ɗaya ba shi da wurin jingina.

A kan wannan rauni ne halinmu ya ɗora nasa. Zumunci da kunya, waɗanda su ne suka gina bankin, su ne kuma suka hana shi karɓar haƙƙinsa. Manaja ɗan gari ne, ba zai iya hana surukinsa rance ba, ba zai kuma iya aika wa aminin mahaifinsa takardar gargaɗi ba. Waɗansu daga cikin 'yan hukumar gudanarwa, waɗanda aka zaɓa don su tsare dukiyar jama'a, su ne suka fi kowa cin bashi, wani da sunansa, wani da sunan yaron shagonsa. Idan lokacin zaɓe ya zo, sai a fitar da kuɗi bisa alkawarin za a mayar bayan an ci. Taron shekara na masu hannun jari kuwa ya koma walima, a karanta rahoto da Turanci, a ci shinkafa, a yi addu'a a watse.

A watan Disamba na 2005, zamanin da Farfesa Charles Soludo ke gwamnan Babban Banki, aka fito da sabon tsari wanda ya umarci bankunan al'umma su rikiɗe su koma ƙananan bankunan tallafa wa masu ƙaramin jari kafin ƙarshen 2007, da jarin da bai gaza naira miliyan 20 ba. Namu ya tsallake wannan siratsi, ya sami sabon allo da sabon fenti. Daga baya ne aka gane cewa wani ɓangare na jarin da aka nuna na aro ne a ma'anar Hausa sosai, wato an kawo shi ne don a gani, aka kuma mayar wa masu shi bayan an gani. Sannan an zuba wani kaso na kuɗin jama'a a kasuwar hannayen jari ana neman riba ta gaggawa, sai kasuwar ta rufta a 2008.

Alamun ciwo sun fara bayyana a kan kanta. Yau a ce kuɗi ba su iso daga birni ba, gobe a ce a dawo ranar kasuwa, jibi a ba mutum rabin abin da ya nema. Labari ya bazu, kowa ya garzayo don ya cire nasa, wanda hakan ya ƙarasa abin da ya rage. Masu ido da uwa a gindin murhu sun riga sun kwashe nasu tun da wuri. Waɗanda suka rage a layi su ne mata da tsofaffi da mutanen ƙauyukan kewaye.

Soke Lasisi da Tantance Masu Ajiya

A 2010, lokacin Malam Sanusi Lamido Sanusi na gwamnan Babban Banki, an binciki ƙananan bankuna 820, aka sami 224 ba su da lafiya. Daga baya an sake ba 121 daga cikinsu dama bisa sharuɗɗa, aka miƙa 103 ga Hukumar Inshorar Ajiyar Kuɗi ta Nijeriya, wadda aka fi sani da NDIC, don ta rufe su ta biya masu ajiya. An kafa wannan hukuma da Doka ta 22 ta 1988, kuma a farkonta manyan bankuna ta fi shafa, inda take lamunce wa kowane mai ajiya har N50,000. Dokar 2006 ce ta shigo da ƙananan bankuna cikin wannan inuwa a kan N100,000, aka ɗaga zuwa N200,000 a 2010. Da a ce bankinmu ya mutu tun yana bankin al'umma, da babu wannan lamuni sam.

Da labari ya same ni na zo gida, sai na tarar da goggona, ƙanwar mahaifina, wadda ta shekara da shekaru tana tara kuɗin man gyaɗa da niyyar sauke farali. Na zauna na yi mata bayanin yadda banki ke juya kuɗi, da yadda waɗanda aka ba rance suka ƙi biya. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "To ɗan nan, ni fa ajiya na ba su. Wa ya ce su taɓa?" Na ce, "Goggo, a dokar banki abin da kika ba su rance ne." Ta yi shiru, can ta ce, "Da sun ce mini rance suke nema, ai da na tambayi wanda zai tsaya musu." Na daɗe ina koyar da ilimin ma'ana, amma ban taɓa jin an fayyace nauyin kalma ɗaya kamar yadda wannan tsohuwa ta yi ba.

Da jami'an tantancewa suka zo, na zauna tare da su kwanaki ina yi wa mutane tafinta. Sun yi haƙuri da jama'a ƙwarai, sai dai littattafan da bankin ya bari a hargitse suke. A nan na ga yadda al'adar suna ta Bahaushe ke karo da takarda. Mutum ɗaya Abubakar ne a katin shaida, Garba a littafin banki, Habu a bakin mai unguwar da zai shaide shi. Mace sunan yankanta Hauwa'u, amma yaron da ta aika ya buɗe mata asusu da Kulu, ko da laƙabin da ake kiranta da shi a gidan miji saboda alkunya. Waɗansu suna riƙe da katin da mai zagayawa karɓar kuɗin kullum ya sa wa hannu, amma kuɗin ba su taɓa shiga babban littafi ba. Magadan waɗanda suka rasu kuwa sai da suka nemo takardar kotu da ke tabbatar da su. Wanda yake da ajiya kuma banki na binsa bashi, sai da aka cire bashin kafin a ba shi saura.

Goggo ta sami kuɗinta cif, domin ba su kai iyakar lamuni ba, kuma littafinta na nan a ƙasan adaka ba ko yagewa. Waɗanda suka fi ba ni tausayi su ne matan wani adashi. Uwar adashin ta zuba kuɗin mata masu yawa a asusu ɗaya da sunanta ita kaɗai. Lamunin inshora kuwa a kan kowane mai ajiya ake lissafa shi, don haka doka ta ga mutum ɗaya a inda mata da yawa suke. Aka biya ta iyakar da aka ƙayyade, ragowar ya shiga sahun jira. Ta sayar da shanunta biyu don ta fita kunyar matan, duk da haka ta rasu waɗansu na zarginta.

Rabon Gadon Banki

Da mutane suka matsa da tambayar yaushe za a biya sauran, hanyar da na ga ta fi sauƙin fahimta ita ce in kwatanta musu da rabon gado. Idan mutum ya rasu, akan tattara abin da ya bari, a karɓo bashin da yake bi, a biya bashin da ake binsa, sai abin da ya rage magada su raba. Haka ake yi wa banki. Hukumar inshora kan biya kuɗin lamuni da farko daga asusunta. Daga nan sai ta sayar da kadarorin bankin, ta bi masu bashi, duk abin da ya taru ta raba wa masu ajiyar da kuɗinsu suka haura lamuni, kowa gwargwadon abin da yake bi. Sai sun gama karɓa sannan a waiwayi sauran masu bin bankin bashi, kamar 'yan kwangila. Masu hannun jari su ne magada, su ne na ƙarshe, kuma a bankin da bashi ya fi dukiya yawa babu abin da ke isa gare su. Hannun jarina da na sauran 'yan gari a nan ya tsaya.

Gadon da bankinmu ya bari bai taka kara ya karya ba: ginin haya ne, sai kujeru da injin wuta da akwatin ƙarfe da babura, waɗanda aka yi gwanjonsu. Dukiyarsa ta haƙiƙa tana cikin aljihun masu bashi, kuma a nan shari'a ta shigo.

A Gaban Shari'a

Da farko mutane sun nufi inda suka saba, wato zauren hakimi da kotun alƙali. Sai aka shaida musu cewa wannan magana ta fi ƙarfin nan, domin sashe na 251 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba Babbar Kotun Tarayya hurumin rushe kamfanoni da manyan al'amuran banki. Bugu da ƙari, da zarar kotu ta ba da umarnin rushe kamfani, ba a shigar da shi ƙara sai da izininta. Wannan ƙa'ida tana da hikima, domin ita ke hana mai ƙarfi ya riga kowa ya kwashe ɗan abin da ya rage. Amma ga manomin da bai taɓa taka harabar babbar kotu ba, wanda kuma ake magana a kan kuɗinsa da harshen da ba ya ji, abin ya zama masa tabbacin karin maganar nan da ke cewa shari'a saɓanin hankali.

Nijeriya ta gwada hanyoyi dabam-dabam a kan wannan matsala. A 1994 gwamnatin Janar Sani Abacha ta kafa Doka ta 18, wadda ta samar da kotuna na musamman don ƙwato bashin bankunan da suka durƙushe da hukunta masu hannu a ciki. An tsare manyan mutane da dama, an kuma ƙwato kuɗi, amma an soki tsarin da tsanani da tauye haƙƙin waɗanda ake tuhuma. A 1999, gab da komawa mulkin farar hula, aka rushe waɗannan kotuna aka mayar da aikinsu ga Babbar Kotun Tarayya. Shari'ar bankin Savannah ta nuna yadda irin wannan taƙaddama kan daɗe: an soke lasisinsa a 2002, sai a 2009 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce a mayar masa, masu ajiya kuwa suna jira duk tsawon wannan lokaci. Dokar bankuna ta 2020 ta zo ta taƙaita abin da mai ƙalubalantar soke lasisi zai iya samu zuwa diyyar kuɗi, don kada ƙarar masu banki ta riƙa tsare haƙƙin masu ajiya.

A namu garin, ƙwato bashi ya ci karo da abubuwa uku. Na farko, yawancin rancen babu jingina, inda kuma aka rubuta gona ko gida, babu takardar mallaka, ga shi Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sa jinginar da ƙasa ba ta inganta sai da amincewar hukuma. Na biyu, ko da an sa gonar mutum a kasuwa, babu ɗan garin da zai taya, don kada a ce da shi aka haɗa baki aka raba wane da gadon ubansa. Na uku, manyan masu bashi sun ɗauki lauyoyi, yau a nemi ɗage zama don rashin lafiya, gobe a ƙalubalanci hurumin kotu, shaidu kuma suna gajiya da kuɗin mota. An kama manaja da waɗansu daga cikin 'yan hukumar gudanarwa, aka ba da belinsu, kuma kafin magana ta kai ko'ina wasu sun tsufa, wasu sun riga mu gidan gaskiya. A tsawon wannan jira darajar kuɗin ma tana zagwanyewa: a 2010 dalar Amurka ɗaya kimanin N150 ce, a 2024 ta haura N1,000.

Akwai wani abu guda da ya faru wanda ba kotu ce ta yi shi ba. Ɗaya daga cikin manyan masu bashin ya rasu. A wurin jana'iza, kamar yadda aka saba, babban ɗansa ya miƙe ya ce duk wanda ke bin mahaifinsu bashi ya zo ya same su. Bayan kwana uku sai wani dattijo ya tuna musu da bashin banki. Gardama ta tashi a cikin gida, waɗansu na cewa ai bankin ya mutu, babu mai bi. Suka kai maganar ga liman. Liman ya ce musu, "Ku daina cewa kuɗin banki. Kuɗin wance ne mai ƙosai, da wane mai faskare, da marayun wane. Su ne ke bin mahaifinku, kuma suna nan da ransu." Kafin a yi sadakar arba'in 'ya'yan suka sayar da wani fili suka kai kuɗin inda ake tattara bashin bankin. Waɗansu mutum biyu da suka ji labari su ma suka bi sahu tun suna da rai. Bashin da ya gagari sammaci shekara da shekaru ya fito cikin 'yan makonni, saboda an kira shi da sunan da masu shi suka gane.

Tabon da Ya Rage

Hasarar da ta fi ta kuɗi ita ce ta yarda. Shekaru bayan haka, idan aka ambaci banki a garinmu sai mutane su kau da kai. Da yawa suka koma binne kuɗi a tukunya ko sayen dabbobi da hatsi don adana dukiya, abin da ya mayar da su abin farautar ɓarayi. Da aka sauya fasalin takardun N200 da N500 da N1,000 a ƙarshen 2022, aka kuma shiga ƙarancin kuɗi a farkon 2023, irin waɗannan mutane ne suka fi shan wuya, domin sai da suka yi tafiya mai nisa suna neman wanda zai karɓi tsofaffin kuɗinsu. Ƙungiyar ci gaban gari ma ba ta sake farfaɗowa sosai ba, domin duk wanda ya kawo shawarar a tara kuɗi don wani aiki, sai a tuna masa da banki.

Ta fuskar doka an sami ci gaba. A 2024 an ɗaga lamunin masu ajiya a ƙananan bankuna zuwa naira miliyan 2, na manyan bankuna kuma zuwa miliyan 5. Lambar tantance masu hulɗa da banki ta BVN, wadda aka ƙaddamar a 2014, ta rage rikicin suna, har ma da aka rufe bankin Heritage a watan Yuni na 2024 an yi amfani da ita wajen tura wa mutane kuɗinsu ta asusunsu na waɗansu bankuna. Sai dai lamuni na biyan mai ajiya ne kawai, ba ya hana banki mutuwa, ba ya kuma mayar wa gari da bankinsa.

Kammalawa

Ɗalibin da ke karanta wannan maƙala gobe malami ne, kuma a ƙauyuka da yawa malamin makaranta shi ne ake kai wa kowace takarda ya karanta. Saboda haka akwai nauyi a kansa. Ya sanar da jama'a cewa kuɗin da suka kai banki rance ne suka bayar, don haka suna da haƙƙin tambayar ko bankin na da lasisi, ko yana cikin inuwar inshora, da kuma iyakar abin da aka lamunce. Ya shawarci 'yan adashi da ƙungiyoyi su guji tara dukiyar mutane da yawa da sunan mutum ɗaya ba tare da rubutacciyar shaida ba. Ya nuna wa mutane muhimmancin tsayawa a kan suna ɗaya a takardunsu da adana kowane rasiɗi. Idan kuma garinsu na da banki, ya nace a riƙa karanta rahoton shekara da Hausa, a bayyana nawa ke hannun 'yan hukumar gudanarwa da iyalansu.

Mu kuma masu nazarin harshe da aikin fassara, wajibi ne mu riƙa auna kalma kafin mu ɗora ta a kan baƙon abu, domin jama'a da ma'anar da suka gada suke karɓarta. Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Bankin karkara bashi ne ta kowace fuska, jama'a na binsa, shi ma yana bin jama'a, kuma zai rayu ne muddin ɓangarorin biyu sun san haka tun ranar da aka buɗe ƙofarsa.